Azumi, Canjin Abinci da Jinin Al'ada: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar azumi ya raba tsakiya, tambayoyi iri ɗaya ke yawo tsakanin mata, a Islamiyya da layin asibiti da wajen suyar ƙosan buɗa-baki. Wata al'adarta ta makara, wata ta zo mata ba shiri, wata ɗigo kawai ta gani ya ɗauke. Bayan Sallah kuma masu neman rage ƙiba su karɓa da nasu. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

Da gaske ne azumi yana canza lokacin zuwan al'ada?

Yana iyawa, amma ba ga kowace mace ba, kuma yawanci canjin na ɗan lokaci ne. Wani bincike da aka buga a 2013 ya bibiyi ɗalibai mata 80 a birnin Hamadan na ƙasar Iran tun kafin Ramadan har bayansa. Kusan uku cikin goma sun ga sauyi a cikin watan, alhali kafin azumi kusan ɗaya cikin goma ne ke da wannan koke, kuma abin ya fi bayyana ga waɗanda suka azumci fiye da kwana 15. Binciken ƙarami ne, amma ya nuna abu biyu: sauyin yana faruwa, kuma mafi yawan mata ba su ga komai ba.

Kafin ki ce al'adarki ta rikice, ki san faɗin abin da ake ɗauka lafiya. Daga ranar farko ta wannan jini zuwa ranar farko ta mai zuwa, kwana 21 zuwa 35 daidai ne ga babbar mace. Zubar jinin kuma kwana 2 zuwa 7. Wadda ta saba kwana 28 ta ga 32 a watan azumi ba ta fita daga da'irar lafiya ba.

Ina ruwan abin da na ci da mahaifata?

Ba mahaifa ce ke yanke hukuncin ranar zuwan jini ba, daga ƙwaƙwalwa umarnin yake fitowa. Akwai wani ɗan sashe a ƙasanta da likitoci ke kira haifotalamas, wanda ke aika saƙo kaɗan-kaɗan, bugu bayan bugu, zuwa wata 'yar halitta da ke ƙarƙashinsa. Ita kuma ta saki sinadarai biyu, FSH da LH, su bi jini su isa ma'ajiyar ƙwai. Da su ƙwai ke nuna, da su ake samar da estirojin mai kaurara shimfiɗar cikin mahaifa. Bayan an saki ƙwan sai sinadarin furojestaron ya riƙe shimfiɗar kamar mako biyu. In ciki bai shiga ba sai ya sauka, shimfiɗar ta zube. Wannan zubewar ce jinin al'ada.

Shi wannan sashe na ƙwaƙwalwa yana sa ido a kan abin da ke shigowa jiki. Yana karɓar rahoto daga sukarin jini da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin, da kuma wani sinadari mai suna leftin da kitsen jiki ke fitarwa, wanda aka gano a 1994. Aikinsa kamar na uwargida ne mai riƙe da makullin rumbu: in ta ga hatsi ya ja baya, tuwon yau za ta fara tanada, shagalin biki ta ɗage shi sai kaka. Zuciya da numfashi da ƙwaƙwalwa ba sa jira, ɗaukar ciki kuwa yana iya jira. Sai saƙon ya ragu, ƙwai ya yi jinkirin nuna, jini ya makara.

An ga haka ƙarara a yammacin ƙasar Holan a yunwar da yaƙi ya jawo daga ƙarshen 1944 zuwa Mayun 1945. Al'adar mata masu yawan gaske ta ɗauke, haihuwa ta faɗi warwas watanni tara bayan haka, da abinci ya dawo kuma abin ya dawo.

To yunwar yini ce ke jawo hakan?

Mafi yawan lokuta ba awannin da baki yake rufe ne matsalar ba, jimillar abin da ya shiga jiki cikin kwanaki a jere ne. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram azumi bai cika wuce awa 13 zuwa 14 ba, kuma jikin mace mai lafiya yana ɗaukar wannan in ta ci abin kirki tsakanin magariba da asuba. Wata masaniya mai suna Anne Loucks a Jami'ar Ohio ta Amurka ta gwada wannan a 2003. Ta rage wa mata masu lafiya abinci na kwana biyar kacal, sai ta ga bugun sinadarin LH ya fara rikicewa idan abin da ya rage wa jiki bayan motsa jiki ya gaza kalori 30 (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) a yini ga kowane kilo na nauyin da ba kitse ba. Kwana biyar ba wani dogon lokaci ba ne.

Yanzu ki duba yinin matar gida a Ramadan. Ita ce farkon tashi dafa sahur, ita ce a bakin murhu tun azahar, wata ma ga aikin ofis ko talla ko ɗebo ruwa, cikin zafin bazara da ke haura maki 40. Da an sha ruwa sai ta cika ciki da ruwan sanyi da kunu, abinci ya gagara, da asuba kuma barci ya fi mata sahur daɗi. Goman ƙarshe ga tahajjud ga hidimar kayan Sallah. Rashin barci da gajiya da damuwa suna ɗaga sinadarin kotisol, shi ma yana danne saƙon nan na ƙwaƙwalwa. Sau da yawa azumi ake ɗora wa laifi, alhali nauyin da aka jibga wa mace ɗaya ne ya yi yawa.

Al'adata ta makara da mako guda. Me zan fara yi?

In kina da aure ko akwai wata hanyar da ciki zai iya shiga, gwajin ciki ne farko, kafin duk wani tunani a kan azumi. Tsinken gwajin fitsari yana nan a kowane kemis, kuma ya fi nuna gaskiya da fitsarin farko na safe. In bai nuna ba kuma jini bai zo ba, ki sake bayan mako ɗaya. Kada ki sha komai don "janyo" al'ada kafin ki tabbatar, ko na Bature ko na gargajiya.

In ba ciki ba ne, ki tambayi kanki ko kina shayarwa, ko kin yi allurar tazarar haihuwa ko an sa miki ashanar hannu, ko kin haura shekara 40. Duk waɗannan sun fi azumi yawan rikita al'ada. In babu ko ɗaya, ki gyara ci da barci, ki jira zagaye na gaba.

Na gama azumi lafiya, sai bayan Sallah abin ya rikice. Me ya sa?

Saboda jinin da kika gani yau sakamakon abin da ya faru makonni biyu baya ne. Kwanakin da ke tsakanin sakin ƙwai da zuwan jini kusan a tsaye suke. Waɗanda ke miƙewa ko su taƙaita su ne na kafin sakin ƙwan. In wahalar ta same ki bayan ƙwai ya riga ya fita, jinin wannan watan zai zo a kan lokacinsa, na gaba ne zai ji a jikinsa. Shi ya sa gajiyar goman ƙarshe takan bayyana a Shawwal. Yawanci cikin zagaye ɗaya zuwa uku komai yake komawa yadda aka saba.

Ɗigo kawai nake gani, yana zuwa yana ɗaukewa. Haila ce ko jinin cuta?

Ta fuskar lafiya, idan ƙwai bai fita a kan lokaci ba, shimfiɗar mahaifa ba ta samun furojestaron ɗin da zai riƙe ta, sai ta riƙa zubewa gutsi-gutsi. Wani lokaci kuma ta yi ta kauri har ta zube gaba ɗaya da yawa. Don haka dalili ɗaya yana iya ba wa wata ɗigo, ya ba wa wata jini mai yawa.

Ta fuskar ibada, a mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi, ko ɗigo ɗaya a lokacin haila yana karya azumin wannan yini. Wadda ta san kwanakinta, in jini ya zarce, takan ƙara kwana uku a kan mafi tsawon abin da ta saba, muddin jimilla ba ta wuce 15 ba, abin da ya biyo baya jinin cuta ne. Hukuncin mai yankewa yana dawowa yana da rassa, ki kai wa malamar da kika amince da iliminta tare da rubutattun kwanakinki. Amsar malama ba ta ɗauke miki zuwa asibiti in abin ya maimaitu, duba tambaya ta ƙarshe.

Ina fashin salla amma kunya ba ta barina in ci abinci da rana. Akwai illa?

Akwai, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka fi damuna. Mata da 'yan mata da yawa suna yini da yunwa da ƙishirwa suna zubar da jini, don kada ƙanne ko 'ya'ya ko surukai su gane. Wata har sahur take tashi ta zauna. Ba ta da azumin, tunda ramuwa na nan tana jiranta, ga shi kuma ta hana jikinta hutun da aka ba shi. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta faɗa cewa an umarce su da rama azumi, ba a umarce su da rama salla ba. Sauƙi ne aka yi miki, ba abin kunya ba.

Ba sai kin zauna tsakar gida da kwano ba. Ki ci a ɗakinki, ki sha ruwa sosai. Iyaye mata su ajiye wa 'ya'yansu abinci a waɗannan kwanaki ba tare da sun roƙa ba, domin budurwa ba za ta buɗe baki ta tambaya ba.

Me ya kamata in ci da sahur da buɗa-baki?

Sahur ya fi komai muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa wasa. Ki nemi abin da ke daɗewa a ciki: tuwo da miyar kuka ko ta zogale, wake da shinkafa, alale, ƙwai, fura da nono, kunun gyaɗa. Shayi da burodi zalla ba sa kai mace azahar. Da magariba ki fara da dabino da ruwa kaɗan, ki yi salla, sannan ki ci abinci na gaske kafin kayan ruwa su cika miki ciki. Ruwan kuma ki rarraba shi har zuwa asuba.

Sai maganar ƙarin jini. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Ke nan fiye da rabi sun shiga azumi da giɓi tun asali. Mace mai al'ada tana buƙatar sinadarin ayon, wanda jiki ke haɗa jini da shi, fiye da ninki biyu na abin da namiji ke buƙata. Ana samunsa a hanta, jan nama, kifi, wake, da ganyaye irin su alayyahu da zogale da rama. Lemun zaƙi, gwaiba, tumatir ko matsin lemun tsami suna taimaka wa hanji ya tsotse shi. Shayi mai kauri kuwa hana shi yake yi, don haka ki bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin shayi da abinci.

An ce zaƙi yana ƙara jini da ciwon mara, lemun tsami yana tsayar da shi, zoɓo yana janyo shi. Haka ne?

Babu ƙwaƙƙwarar hujjar likita cewa kwalbar lemo ɗaya ko ruwan sanyi suna ƙara yawan jinin wannan watan, ko cewa tsami yana tsayar da shi, ko cewa zoɓo zai kawo al'adar da ta makara. Rage zaƙi abu ne mai kyau don wasu dalilai, musamman ga mai ƙiba, kamar yadda za ki gani nan gaba a amsar da ta yi bayanin matsalar da ake kira PCOS. Wadda ya kamata a yi hattara da ita ita ce kanwa. Gishiri ne mai yawa a cikinta, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Jiƙa ta a sha don ciwon mara ba dabara ba ce.

Marata takan fara ciwo kwana ɗaya ko biyu kafin jini, ina cikin azumi. Yaya zan yi?

Tsumma ko gorar ruwan ɗumi a mara yana rage ciwo sosai kuma ba ya taɓa azumi. Magunguna irin su ibufurofen suna aiki, amma a sha su bayan an ci abinci, da sahur ko buɗa-baki. Shan su da cikin wofi ko da ƙarancin ruwa a jiki yana cutar da ciki da ƙoda, mai gyambon ciki kuwa ta nisance su ta tambayi likita. Ciwon da ke kwantar da ke duk wata, har da amai ko suma, ba "haka mata suke" ba ne, a duba shi.

Zan iya shan ƙwayar da ke tsayar da al'ada don in cika azumi talatin?

Wadda aka fi sani ita ce Primolut N. Ana fara ta kamar kwana uku kafin ranar da ake sa ran jini, kuma jinin yakan zo kwana biyu zuwa uku bayan an daina. Malamai da dama sun halatta in babu cutarwa, likita ne kuma zai faɗi ko akwai. Ba ta dace da wadda ta taɓa samun daskarewar jini a jijiya ba, ko mai ciwon hanta, ko mai kansar mama, ko wadda ciki zai iya kasancewa a jikinta. Mai hawan jini da mai ciwon ɓarin kai su ma sai da shawarar likita. Ba ta hana ɗaukar ciki.

A ganina, don Ramadan kawai, ribarta ba ta kai wahalarta ba. Ana shan ta ne sau uku a rarrabe cikin yini, abin da azumi ba ya bari, kuma saɓanin lokaci yana kawo ɗigon da zai jefa ki cikin ruɗanin da kike gudu. Hajji da Umara, inda kwanaki suke a ƙidaye, maganarsu daban, nan ma a ga likita tun kafin tafiya.

Ina rage ƙiba da tsarin barin ci na awa 16, na daina cin shinkafa da tuwo. Al'adata ta ja baya.

Jikinki ne ke gaya miki kin yi sauri. Ƙa'idar da aka bayyana a amsar yunwar yini ita ce a nan ma: taƙaita awannin ci ba laifi, amma in kin haɗa shi da yanke duk wani abinci mai sitaci, ga motsa jiki kullum, abin da ke saura bai isa ba. Ba sai kin rame ƙwarai hakan ke faruwa ba, mace mai jiki ma al'adarta tana iya ɗaukewa in nauyi ya zube da gaggawa. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne iyakar da ake ba da shawara. Ki mayar da gero ko dawa ko wake cikin abincinki, kada ki kori mai gaba ɗaya.

Shayin rage tumbi da ake tallatawa a Instagram da TikTok, da yawansa ganyen filasko ne ko makamancinsa, gudawa yake sa ki. Ruwa kike zubarwa ba kitse ba. In kina shan ƙwayar tazarar haihuwa, gudawa mai tsanani tana iya rage ƙarfinta.

Ni kuma da azumi al'adata ta daidaita. Yaya aka yi?

Ana ganin haka ga mata masu ƙiba, musamman masu matsalar da ake kira PCOS, wadda alamunta su ne al'ada mai tsallake watanni, ƙuraje, da gashi a haɓa ko ƙirji. A jikinsu insulin ya yi yawa, yana tura ma'ajiyar ƙwai ta samar da sinadarin maza fiye da kima, kitse kuma yana ƙara nasa estirojin. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 80, sau da yawa ya isa ya dawo da sakin ƙwai. Ki lura, dawowar ƙwai tana nufin ciki na iya shiga.

Ɗaya gefen kuma su ne masu shan maganin ƙiba, irin wanda ake ce wa sha-ka-fashe. Da yawansa akwai dezametazon a ciki. Kumburi yake sa wa, yana rikita al'ada, yana jawo hawan jini da ciwon sukari. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, likita ne zai janye mata shi a hankali.

Ramuwa, Sitta Shawwal, Litinin da Alhamis fa?

Azumin kwana biyu a mako bai cika taɓa al'adar mace mai cin abinci sosai ba. Abin dubawa shi ne jerawa: a fito daga Ramadan a faɗa ramuwa da Sitta Shawwal babu hutu. In kin ga al'adarki ta riga ta motsa, ki rarraba su. Mai neman haihuwa da ƙwanta ba ya fita a kan lokaci, da mai shayarwa, da yarinyar da ba ta daɗe da fara al'ada ba kuma jikinta ba ƙwari, su fi kowa sassauta wa kansu a nafila. Haka 'yan'uwa Kirista masu azumin kwana arba'in kafin Ista, ƙa'idar jiki ɗaya ce.

Wata huɗu ban ga jini ba kuma ba ciki. Ba hutu na samu ba?

Ba hutu ba ne. In ƙarancin abinci ne ya ɗauke shi, estirojin ɗinki ya yi ƙasa, shi ne kuma ke tsare ƙarfin ƙashi. Mace tana gina mafi yawan ƙashinta ne kafin ta kai shekara 30, abin da ta rasa a ƙuruciya ba lallai ya dawo duka ba. In kuma PCOS ce, shimfiɗar mahaifa ce ke ta kauri ba ta zuba, wannan ma yana da haɗari in ya daɗe. Maganin wanda ƙarancin abinci ya jawo shi ne ƙara ci da rage wahalar jiki, kuma yakan ɗauki watanni. Ƙwayar da za ta sa ki ga jini ba ta gyara tushen. In tsoron ƙiba ne ke hana ki ci, ko kina tilasta wa kanki amai, ki faɗa wa likita kai tsaye, ciwo ne da ake magani.

Yaushe zan daina jira in tafi asibiti?

Ki tafi a ranar, ko da kina azumi, in kina jiƙa audugar mata duk awa har awa biyu a jere, ko jiri da bugun zuciya da haki sun kama ki, ko al'ada ta makara sannan ciwo mai tsanani ya soke ki a gefe ɗaya na mara. Wannan na ƙarshen yana iya zama ciki a wajen mahaifa, kuma yana kisa in aka yi jinkiri.

Ki nemi ganin likitan mata cikin kwanaki in wata uku sun wuce babu jini, ko yana wuce kwana 7 a kai a kai, ko yana zuwa da manyan gudaji, ko kina ganinsa bayan saduwa, ko ya dawo bayan kin shekara da dainawa. Haka yarinyar da ta kai shekara 15 ba ta fara ba. Ƙarin mahaifa, matsalar tayirod da ke wuya, da hauhawar sinadarin da ke kawo ruwan nono duk suna iya ɓuya a bayan "ai azumi ne". Ki riƙe takardar da kika rubuta ranakun jininki na watannin baya, da kwalin duk abin da kike sha, har na gargajiya da na ƙiba da na rage ta. Da su likita zai san ko gwajin jini zai fara yi miki ko hoton mahaifa.